Lambar da Ke Bayan Agogon Heluma

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma sau uku ina yaga shafin farko. In kun ji gargada, daga hannuna take, ba daga mutanen da ke ciki ba.

Ranar Juma'a da safe, kwana tara da rasuwar Heluma, babban ɗansa ya jawo durowar gefen gadon mamacin. Ya tarar da tabarau da kwalbar magani da tsohon mataji. Agogo kuwa babu.

Heluma sunan aiki ne da ya manne wa tsohon tun yana shugaban ma'aikata a masaƙar da aka daɗe da rufewa. Agogon kyautar masaƙar ce, ranar da ya cika shekara ashirin da biyar yana aiki, kuma duk layin an san shi da shi. Yaya Babba, kamar yadda kowa ke kiran babban ɗan, shi ya cire shi daga hannun uban ranar rasuwa ya ajiye a durowar nan, da niyyar tafiya da shi garin da yake aiki.

Kafin rana ta take, matan maƙwabta sun cika tsakar gida, wai jaje suka zo. Kowa da wanda yake zargi, amma idanu wuri ɗaya suke komawa, kan Mai Jinya. Baƙuwa ce da aka ɗauko wata takwas da suka wuce ta kula da Heluma, aka kuma roƙe ta ta zauna saboda matarsa, Inna, wadda idonta ya yi rauni, ƙafa ma ta ƙi.

A gaban jama'a Yaya Babba ya zazzage jakarta. Sabulu, almakashi, safar hannu, sai wani ƙullin hankici. Ya kwance. Agogo ne mai farar fuska da baƙin maɗauri. Ya juya bayan agogon, ya ɗauko katin da aka ba uban tare da kyautar.

"Bakwai, ɗaya, uku, takwas," ya karanta daga katin. Ya ɗaga agogon. "Bakwai, ɗaya, uku, takwas! Wanda ya iya karatu ya matso."

"Na babana ne," in ji Mai Jinya a hankali.

"Babanki wa?"

"Mai gadi ne a masaƙa."

Wata maƙwabciya ta tafa hannu. "Mai gadi da agogon Heluma! Sai ki ce motar manaja ma tasa ce."

Yaya Babba ya jefa agogon aljihu. Ya ba ta zuwa Litinin ƙarfe takwas na safe. In ta amsa laifi gaban iyali, ta kwashe kayanta ta tafi. In ta ƙi, 'yan sanda, sannan a sanar da ofishin da ya turo ta. Ko wanne ta zaɓa, babu gidan da zai sake ba ta amanar majinyaci.

*

Shagon gyaran agogo ɗan tsukuku ne tsakanin kantin magani da mai ɗinkin takalma. Matar da ke cikinsa ta haura arba'in, amma har yau 'Yar Mai Agogo ake ce mata, don daga ubanta ta gaji tebur da kujera da ɗan gilashin da ake maƙalawa a ido. Ta gaji wani abu kuma. Idan agogo ya ɓata a unguwa, wurinta ake zuwa, don ta iya bin sawunsa daga hannu zuwa hannu kamar mai bin sawun dabba a yashi.

Ranar Asabar Mai Jinya ta zo, ta zauna a bakin benci, ta ba da labari idonta a ƙasa.

"Lambar nawa ce?" in ji 'Yar Mai Agogo.

Ta faɗa.

"A waje take, a bayan murfi?"

"A waje."

'Yar Mai Agogo ta sauke gilashin daga idonta. "To wannan ba lambarsa ba ce, ƙanwata. Babana yakan ce agogo lamba biyu gare shi. Akwai lambar dangi, ita ke faɗin samfuri, duk agogon da aka ƙera iri ɗaya da ita yake fitowa. Akwai lambar kai, doguwa, tana ciki a jikin inji, ita ce ba ta da ta biyu. Yaya Babba sunan dangi ya karanta, ya kama ki da shi."

Mai Jinya ta ɗago kai. "Kenan shi ke nan?"

"Da saura. In na nuna wannan naki ne, gobe za su ce kin ɓoye ɗayan. Sai an ga na Heluma da ido kafin bakin layinku ya rufu."

Matar ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Anti, ba ma 'yan sandan suka fi damuna ba. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar babana, agogon nan bai taɓa tsayawa ba. Kowace safiya nake wana shi. Jiya da safe na yi na ƙarshe. Kafin gari ya waye gobe zai tsaya, a aljihun wani."

'Yar Mai Agogo ta tashi ta ɗauki makullin shago.

*

Yaya Babba ya karɓe ta a falo, bai ce ta zauna ba sai da ta zauna da kanta. Ya ƙi yarda ta taɓa agogon.

"Ba raini ba, Anti, amma ku masu gyara in abu ya shiga hannunku, ba a san me ya fita ba. Ran Litinin ki buɗe gaban kowa."

Katin dai ya miƙo mata. Ya yi jajir don tsufa. A sama ga gajeriyar lambar, a ƙasa ga wata doguwa da tawadarta ta koɗe.

"Wannan fa?"

"Lambar rasit ce."

Ta kwafe ta a takarda ba ta yi masa gardama ba. "Agogon yana tafiya kuwa, kafin rasuwar?"

"Tafiya? Duk zuwan da na yi sai na gwada shi da wayata. Bai taɓa saɓawa ba. Ranar da na cire shi ma yana bugawa. Shi yana bugawa, Baba ya daina."

"Shekara nawa da shanyewar hannayensa?"

"Shida. Cokali ma ba ya iya riƙewa. Me ya haɗa wannan da sata?"

"Wataƙila babu," in ji ta.

*

Duk agogon da aka sata a wannan yanki, ko ba daɗe ko ba jima sai ya bi ta teburin Dillali, a bayan tashar mota. Mutum ne mai tumbi, agogo uku a hannun dama, biyu a hagu, babu wanda ya dace da ɗan'uwansa.

"A'a, babbar baƙuwa! Wa aka yi wa sata yau, ni kuma me na yi?"

"Ƙarfe nawa, Dillali?"

Ya dubi hannayensa biyu. "Ya danganta da wanda kike son saya."

Ta faɗa masa lambar. Dariyarsa ta ragu.

"Agogon dai bai zo ba, wallahi. Amma lambar ta zo. Wata guda kafin tsohon ya cika, autansa ya tsaya nan inda kike, da ita rubuce a tafin hannu."

"Ya ce zai sayar?"

"Bai kai ga faɗa ba. Na ce masa in ya kawo zan duba, sai ya harare ni ya tafi. Amma Anti, mutum ba ya zuwa wurina da lamba a tafin hannu don ya gaishe ni."

Auta makanike ne, ya doshi talatin da biyar, amma a gidansu har yau shi ne wanda ake fara kallo in abu ya ɓata, saboda rashin jin da ya yi da ƙuruciya. Ta same shi a gareji, rabin jikinsa a ƙarƙashin mota.

"Fito mu gaisa, ko in yi magana da ƙafafunka?"

Ya fito yana goge hannu. Da ya ji sunan Dillali sai ya yi tsaki.

"Wancan mai tumbin! Kayan gyara na je nema. A aikinmu ma haka ne, in ba ka zo da lambar samfuri ba sai a ba ka abin da ba zai shiga ba. Ɗan maɓallin gefen nan da ake murzawa ne ya cinye, ya yi santsi."

"Me ya sa ba ka zo wurina ba?"

Ya sosa ƙeya. "Na taɓa fasa miki gilashin shago da ƙwallo."

"Shekara ashirin ke nan, Auta."

"Ni dai ban manta ba."

Ta kusa yin murmushi. "Ka ga agogon da aka ciro daga jakarta. Na babanku ne?"

Ya kawar da kai. "Na Baba akwai ɗan tsagu a gilashi, wajen ƙarfe huɗu. Wancan babu."

"Ka kuwa yi shiru."

"In ba ita ba ce, Anti, wa kike jin za su ce?" Idonsa ya kaɗa. "Kwana biyu abinci ba ya wuce mini."

"Wa ya gaya maka maɓallin ya cinye?"

"Inna."

"Innar da ba ta gane fuskarka sai ka yi magana?"

Ya koma ƙarƙashin motar. Ita kuma ta kama hanyar shago.

*

Ranar Lahadi da yamma ta shiga ɗakin Inna. Tsohuwar na zaune a bakin gado, ta lulluɓa da babban mayafi duk da zafin da ake yi. Gadon Heluma na ɗaya gefen, an ɗame shi da zanin gado, takalmansa a jere a ƙasa.

"Wace ce?"

"Ni ce, Inna, 'yar mai agogo."

"Allah sarki. Babanki mutumin kirki. Matso in ji ki."

Ta durƙusa ta kama hannun tsohuwar na dama. A cikin babban yatsa da gefen manuni akwai kanta, 'yar ƙarama, mai tauri. Ta san wannan kantar. Ubanta ya mutu da irinta, ita ma tana da ita.

"Inna, lambar da ke bayan agogon Baba na san ta. Wannan samfurin ba ya amfani da batir, ba ya kuma tafiya da motsin hannu. Sai an wana shi kowace safiya, in ba haka ba kwana biyu ya tsaya."

Tsohuwar ta zare hannunta a hankali, ta mayar cikin mayafi.

"Gobe ƙarfe takwas za a kai yarinyar nan wurin 'yan sanda."

"Hayaniya ce," in ji Inna. "Ɗana hayaniya gare shi kamar ubansa. Zai huce."

"Ba zai huce ba, Inna. Ya riga ya faɗa gaban mutane."

A waje ana jin Mai Jinya tana wanke kwanukan da Inna ta ci abinci, don duk da abin da ya faru ba ta fasa aikinta ba.

"Kin taɓa aure, 'yar nan?"

"Na taɓa. Ya rasu."

"To," in ji Inna, kamar wannan ya isa amsa.

'Yar Mai Agogo ta fito. A hanya ta yanke shawara. Za ta wanke Mai Jinya, za ta faɗi abin da lamba ta faɗa, amma bakinta ba zai kira sunan tsohuwar nan ba.

*

Litinin ƙarfe bakwai da rabi tsakar gidan ta cika. Yaya Babba na tsaye da mukullin mota a hannu. Auta ya jingina da bango. Dillali ya zo ba a gayyace shi ba, wai kar a yi batunsa ba ya nan. Mai Jinya ce da kanta ta riƙo Inna ta zaunar da ita a kujera, ta gyara mata matashi, sannan ta koma gefe.

'Yar Mai Agogo ta roƙi faranti. Ta buɗe jakarta ta jera agogo uku a kai, duka masu farar fuska.

"Waɗannan tun zamanin babana aka kawo gyara, masu su ba su dawo ba. Yaya Babba, juya su ka karanta mana."

Ya juya na farko. "Bakwai, ɗaya, uku..." Ya tsaya. Ya juya na biyu, ya juya na uku.

"Ashe ɓarayin da yawa," in ji Dillali. Babu wanda ya yi dariya.

"Arba'in da biyu masaƙa ta saya a shekarar," in ji 'Yar Mai Agogo. "Duk wanda ya cika ashirin da biyar an ba shi, daga heluma har mai shara, har mai gadi. Lambar nan ta samfuri ce, a bayan kowannensu take."

"Amma ai Baba kaɗai..."

"Shi ya ce maka shi kaɗai?"

Yaya Babba ya zaro agogon Mai Jinya daga aljihu ya miƙa. Hannayen agogon sun tsaya cak. Mai Jinya ta kalle su sau ɗaya ta kau da kai.

'Yar Mai Agogo ta sa 'yar wuƙarta ta ɓalle murfin, ta miƙa masa gilashin ido. "Doguwar lambar da ka ce ta rasit ce, ita ce ta agogon babanka shi kaɗai. Duba jikin injin nan ka gwada."

Ya daɗe yana dubawa, daga kati zuwa inji. Da ya ɗago, goshinsa ya yi gumi. "Ba ɗaya ba ne."

Tsakar gida ta ɗauki guna-guni. Maƙwabciyar nan mai tafa hannu ta ce ita dama tun farko jikinta bai ba ta ba. Wata ta ce to ina na Heluma, ko dai biyun ne a hannunta? Sai Dillali ya gyara murya ya ce shi dai ba ya son magana, amma akwai wanda ya zo masa da lamba a tafin hannu.

Kafin a ankara Yaya Babba ya ci kwalar Auta. "Kai ne! Baba na kwance kana yawon neman mai saye!"

"Sake shi," in ji 'Yar Mai Agogo. Ba ta ɗaga murya ba, amma ya sake. "Lambar nan ba ta kama ɓarawo, amma tana faɗin abu ɗaya. Duk agogon da ke ɗauke da ita sai an wana shi da yatsa kowace safiya. Kai ka ce mini bai taɓa saɓawa ba. Kai ka ce mini shekara shida babanku ko cokali ba ya riƙewa. Mai Jinya watanta takwas a gidan nan. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ta koma ta fara mayar da murfin, idonta a kan aikinta.

Sai aka ji muryar Inna, siririya.

"Ƙarfe bakwai."

Duk aka juya.

"Ƙarfe bakwai nake yi masa. Murza ashirin da biyu. Ba ya iya magana sosai, sai ya miƙo mini hannun da ido. In na gama in kara masa a kunne ya ji, sannan ya yarda ya sha magani."

Ta ture mayafin, ta naɗe hannun rigarta. Can sama da gwiwar hannu, inda naman ya saki, agogon na ɗaure, da ɗan tsagunsa wajen ƙarfe huɗu.

"Washegarin da aka kai shi, bakwai ta yi, na rasa abin da zan yi da hannuna. Na lallaba na buɗe durowa. Na ce in na wana zan mayar. Na ji ka ce da shi za ka tafi. Ni kuma in ya tafi, ban san me zan tashi in yi da safe ba."

"Inna," in ji Yaya Babba, ya zube a gabanta. "Da kin faɗa mini. Wallahi da kin faɗa..."

"Ba kai na cuta ba." Ta juya fuskarta tana neman inda Mai Jinya take, ba ta dace da wurin ba. "Ina kike, 'yata? Ina jin lokacin da aka zazzage jakarki. Komai a kunnena. Kika shigo da daddare kika shafa mini ƙafa, na bar ki kika shafa."

Hawaye ne kawai ke zubo wa Mai Jinya, ba ta share ba. 'Yar Mai Agogo ta sa mata agogonta a tafin hannu, Mai Jinya ta tsaya tana kallon hannayensa da suka tsaya.

"Ya tsaya ko?" in ji Inna.

"Ya tsaya."

"Shekara nawa?"

"Sha ɗaya."

Tsohuwar ta runtse ido kamar an soke ta. Ta miƙo hannu, tafin a buɗe. An daɗe a haka, har mutane suka fara sunkuyar da kai. Sannan Mai Jinya ta tako, ta ɗora mata agogon.

Yatsun Inna suka sami maɓallin ba lalube. Tsakar gidan ta yi tsit har ana jin ƙarar murzawar, leɓunanta na ƙirga. Da ta kai ashirin da biyu ta ce wa Auta ya duba na ubansa ya faɗa mata lokaci, shi ya saita hannayen. Ta ɗaga agogon tana neman kunnen Mai Jinya. Matar ta durƙusa, ta kara kunnenta, ta saurara.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta karɓi abinta ta ƙulle a hankici, ta dubi rana, ta ce, "Inna, lokacin maganinki ya wuce."

'Yar Mai Agogo ta tattara agogo ukun nan da babu mai zuwa karɓa, ta zuba a jaka. Ta bi ta bayan matan da ke share ido da bakin mayafi, ta fice ta ƙaramar ƙofa. Sai da Auta ya waiwayo zai yi mata maganar maɓalli ya ga farantin kawai a ƙasa.